Fim ɗin yaran da ake jefawa daji su kashe juna: in ƙwace wayar ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙasar Ringim. Ina da 'ya mai shekara 15, tana ajin farko na babbar sakandare. Ranar kasuwa aka tura wa yayanta wani fim a waya, wai shi The Hunger Games, ita kuwa ta maƙale masa, ta kalle shi ya fi sau biyar, ta ce babu fim ɗin da take so kamarsa. Na leƙa sau ɗaya na ga yara suna sarar juna a daji, hankalina bai kwanta ba. Mene ne a cikinsa, kuma in hana ta ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Kada ka ƙwace wayar tukuna. Wadda ta kalli abu sau biyar ta riga ta haddace shi, ƙwacewa yanzu ihu ne bayan hari. Abin da zan roƙe ka shi ne ka samu dare ɗaya bayan isha'i, a cika wayar da caji, ku zauna ku kalla tare. Awa biyu ne da minti ashirin da 'yan kai. Amma bari in ba ka abin da za ka riƙe a hannu kafin ku zauna, don kada ka tsaya kan sara da suka kaɗai, ka wuce inda maganar take.

Na san fim ɗin ciki da bai. Kafin in tattara in koma aji ina koyar da adabi, na yi shekaru ina riƙe da gidan kallo a garinmu, can ƙasar Gumel, irin na rumfar kwano da benci da janareta. Ranar da babu ƙwallo sai mu sa fim, kuma wannan na sa shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Littafin da aka ciro shi ma na karanta.

Fim ne na Amurka da ya fito a 2012, Gary Ross ne ya ba da umarni, an ɗauko shi daga littafin da wata marubuciya Suzanne Collins ta fitar a 2008. Turawa suna da wani reshe na labari da suke kitsawa a kan goben da ta lalace. Sai marubuci ya ɗauki wani ciwo da ake fama da shi yau, ya ja shi har ƙarshensa, ya nuna maka ƙasar da za a wayi gari a ciki idan aka ƙi yin magani. Wannan fim daga wannan reshe yake. Ƙasar sunanta Panem, an kafa ta a kan kufan Amurka ta Arewa. Akwai babban birni guda, Kafitol, inda ake ci a ƙoshi har a rasa yadda za a yi da abinci, sai gundumomi 12 da ke yi masa bauta. Kowace gunduma da abin da aka ɗora mata: ta 11 noma, ta 12 haƙar kwal, ta 4 kamun kifi, da sauransu. Shekaru da dama baya gundumomin sun yi tawaye aka murƙushe su, sai aka yanka musu hukuncin da ba ya ƙarewa. Duk shekara kowace gunduma za ta ba da yaro ɗaya da yarinya ɗaya, masu shekara 12 zuwa 18. Su 24 ke nan. A kai su wani daji da aka killace, a zuba musu makamai a tsakiya, su yi ta kashe juna sai saura ɗaya, ana haska komai a talabijin, kuma kallon dole ne a kan iyayensu. Wanda fim ɗin ya nuna shi ne karo na 74.

Ka lura da sunayen da suka sa wa abin, tunda kai manomi ne. Ranar da ake fitar da yaran da ƙuri'a, sunanta ranar girbi. Su kansu yaran kuwa, kalmar da ake kiran su da ita ma'anarta haraji, irin wanda garin da aka ci da yaƙi yake kai wa wanda ya ci shi.

Yarinyar da labarin ke bi ita ce Katniss, shekararta 16, 'yar gunduma ta 12, wadda Jennifer Lawrence ta fito a madadinta. Ubanta ya mutu a ramin kwal, uwar ta shiga wani hali na baƙin ciki har ta kasa kula da gida, sai ita ce take satar hanya ta ƙetare waya ta shiga daji da kwari da baka, ta harbo abin da za a sa a tukunya. Ranar girbi ƙuri'a ta faɗa kan ƙanwarta Prim mai shekara 12, sai ta yi wuf ta ce a ɗauke ta a maimakonta. Ina kyautata zaton nan ne zuciyar 'yarka ta kamu. Duk yarinyar da ta san goyon ƙanne da ɗiban ruwa da tashin asuba a hura wuta, ba sai an fassara mata wannan wurin ba.

To, ga inda nake so ka buɗe ido, domin fim ɗin ya wuce shi da gudu cikin jimla biyu ko uku, kuma a wurina shi ne ƙashin bayan labarin duka. Ƙuri'ar ba daidai take ba. Ranar da yaro ya cika 12 ake jefa sunansa sau ɗaya a cikin ƙwaryar, a 13 ya zama sau biyu, haka har ya kai sau bakwai a 18. Wannan kowa da kowa ne. Amma sai hukuma ta buɗe wata ƙofa: duk yaron da gidansu babu abinci, yana iya zuwa ya karɓi hatsi da mai na shekara guda na mutum ɗaya, ɗan abin da ba ya ƙosarwa, a madadin a ƙara jefa sunansa sau ɗaya. Yana iya karɓar wa kowa a gidan, kowane kai da sunansa. Kuma ba a gogewa, na bara yana nan, na bana ya hau kansa.

Yi lissafin da kanka. Katniss tana karɓa wa mutum uku, ita da uwarta da ƙanwarta. Duk shekara suna huɗu ke nan, ɗaya na dole, uku na hatsi. Daga 12 zuwa 16 shekara biyar, sunanta ya shiga sau 20. Abokin farautarta Gale yana ciyar da mutum biyar, duk shekara shida, shekara bakwai, sunansa ya shiga sau 42. Ɗan mai hali da bai taɓa karɓar hatsi ba, a shekarun Gale sau bakwai kawai yake ciki. Babu wanda aka sa wa bindiga a ka aka ce ya karɓa. Da ƙafarsa yake zuwa. In ƙuri'a ta faɗa kansa sai a ce tsautsayi ne, ko a ce ai shi ya kai kansa. Kuma ka ga dabarar ta biyu: ɗan mai haƙar kwal ba ya ganin Kafitol, nesa take, amma kullum yana ganin ɗan mai shago da bai karɓi hatsi ba, sai haushin ya sauka a kan maƙwabci. Shi ya sa a wurin sallama, abin da Katniss ta fi jaddada wa ƙanwarta shi ne kada ta kuskura ta karɓi ƙarin abinci daga hannunsu, ta dogara da 'yar akuyarta da naman da Gale zai riƙa kawowa.

Malam, kai da ka san watan bakwai na manoma ba sai na yi dogon bayani ba. Lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, ga noma na biyu yana jira, sai mutum ya je wurin mai hali ya karɓi dami ɗaya a kan zai biya biyu da kaka, ko ya sayar da amfanin gonarsa tun yana tsaye. Wani ya bar tasa gonar ciyawa ta ci, ya tafi ƙwadago a ta wani don a samu na tuwon dare. Baɗi sai ramin ya ƙara zurfi. Sau nawa abin da ake biya da shi yake zama yaro? A cire shi daga makaranta a tura shi cirani, ko a ɗora wa yarinya tallar da ta fi ƙarfinta, ko a aurar da ita kafin lokacin da uban ya so. Ba na cewa ƙasarmu Panem ce, Allah ya kiyaye, kuma babu mai tsare mu da bulala. A littafin, 'yan gunduma ta 11 su suke noma abincin ƙasar duka amma bulala ake yi wa wanda aka kama ya kai amfanin gona baki. Mu namu salon daban: a sayar da buhu da arha da kaka, motoci su kwashe zuwa Dawanau, da damina a dawo ana sayen kwano da tsada. Marubuciyar ba ta san mu ba, Amurkawa take wa magana, amma bashin yunwa kusan kamanninsa ɗaya ko'ina.

Wani dare da muka sa fim ɗin, akwai wani dattijo mai gadin shaguna kusa da mu, mutumin ƙasar Katsina ne da zama ya kawo shi. Ba ya kallon fim, iska ce ta shigo da shi. Ya tsaya bakin ƙofa har aka gama wurin ƙuri'ar, na ɗan yi masa bayani, sai ya girgiza kai ya ce ai wannan ɗiban gwamna ne. Yana yaro ya ga an yi. Gaskiya ya faɗa: lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942 Ingila ta rasa kuzar da take samu daga can, sai Turawan mulkin mallaka suka matsa wa ma'adinan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa yanka wa lardunan Arewa adadin mutanen da za su bayar, hakimi ya sauke wa dagaci, dagaci ya sauke wa mai unguwa, a kwashi majiya ƙarfi a kai su haƙar kuza cikin sanyin tsaunin Filato, da yawa ba su dawo ba. Na tambaye shi su wa ake ɗauka. Ya ce wanda ba shi da mai tsaya masa.

Sai abu na biyu, kuma shi ne ya sa na ce ku kalla tare. Fim ɗin tuhumar mai kallo yake yi. Sunan Panem daga wata tsohuwar maganar Rumawa aka ciro shi, wadda wani mawaƙinsu Juvenal ya yi yana zambo: a ba jama'a gurasa da wasannin fage, sai su manta da wanda ke mulkinsu. Ita marubuciyar ta sha faɗa cewa wani dare ne tana sauya tashoshin talabijin, nan ga matasa suna gasar neman suna da kuɗi, can ga hotunan yaƙin Iraki, har abin biyu ya cakuɗe mata a ido. Ta haɗa da wata tatsuniyar Girkawa inda birnin Atina ke aika samari bakwai da 'yan mata bakwai tsibirin Kirit a jefa wa dodo. Mahaifinta kuma soja ne da ya je yaƙin Biyetnam.

Don haka kusan rabin fim ɗin ba a daji yake ba. Wanka ne da kwalliya da ɗinki da hira a gaban 'yan kallo, kamar yadda ake kiwata ragon layya a shafa shi a zaga da shi. Yaron da ya iya sa mutanen birni dariya ko hawaye, shi attajirai za su aika wa magani ko miya a ɗaure da 'yar lemar da ke saukowa daga sama in ya ji ciwo a daji. Wanda bai iya ba ya mutu da ƙishi. Soyayyar da za ka gani tsakanin Katniss da Peeta, ɗan mai gidan burodi da aka ɗauko tare da ita, a ɓangarenta rabinta bara ce, tana yi ne don a aiko da abin da zai raya shi. Kuma akwai mutane zaune a ɗaki mai sanyi suna juya dajin da na'ura: in kwana ya yi shiru babu wanda ya mutu, sai su kunna wuta su koro yaran wuri guda, saboda kada 'yan kallo su yi hamma. Akwai wurin da shugaban ƙasar, Snow, wanda marigayi Donald Sutherland ya fito a madadinsa, yake bayyana wa mai juya wasan dalilin da ya sa ake barin ɗaya ya tsira maimakon a jera su 24 a harbe: tsoro kaɗai ba ya riƙe talaka, sai an haɗa masa da ɗan fatan tsira, amma kada fatan ya yi yawa. Wannan zance babu shi a littafin, don fim ɗin aka rubuta shi, kuma a ganina shi ne wuri mafi nauyi a ciki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a gidan kallon nan shi ne samarinmu. Da aka busa ƙaho yaran suka ruga kan makamai, benci ya ɗauki ihu. Wani ya zaɓi ƙaton nan na gunduma ta 2 ya ce shi ne nasa, wani ya sa kuɗin shayi a kan wa zai fara faɗuwa. Na tsaya bayan janareta ina kallonsu, na ga ashe mu ne mutanen Kafitol ɗin, sai dai namu babu jan gashi da hoda. Ihun bai mutu ba sai da aka zo kan Rue, 'yar ƙaramar yarinya baƙar fata daga gundumar manoma, mai shekara 12, wadda ta haɗa kai da Katniss. Aka soke ta da mashi, Katniss ta zauna da ita har ta cika, ta tsinko furanni ta lulluɓe ta, sannan ta ɗaga yatsu uku ga kyamara. Nan rumfar ta yi tsit. Hatsarin fim ɗin ke nan a taƙaice: ana iya kallonsa kamar dambe.

Kuma ko damben ai ba haka yake ba. Ɗan dambe da ƙafarsa yake shiga fage, ya ɗaure hannu, makaɗi ya zuga shi, kuma abin da muke kira kisa a dambe shi ne hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa, sai a raba, wanda aka kashe ya tashi ya karkaɗe jiki ya tafi cin tuwo. Mai sharo ma shi yake buɗe ƙirjinsa. Waɗannan yaran kuwa babu wanda ya tambaye su, kuma babu mai rabawa.

Yatsun nan uku sun fita daga fim sun shiga titi. Bayan juyin mulkin soja a Tailan a 2014 masu zanga-zanga suka riƙa ɗaga su har aka kama wasu a kai, haka kuma a Myanmar, wadda tsofaffin sojojinmu suka sani da Bama, bayan juyin mulkin 2021.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Sunansa wasan yunwa amma yunwar ba ta fito sosai a fuska ba, jarumar da kumatunta take, wanda ya taɓa ganin yaron da ya kwana biyu bai ci ba zai gane an yi masa kwaskwarima. Na biyu, an wanke hannun jarumar fiye da kima. An ware wasu yara daga gundumomi masu ɗan hali, waɗanda tun suna ƙanana ake horar da su don wannan fage, aka mai da su mugaye masu dariya in sun yi kisa, don mai kallo ya ji daɗi in sun mutu. Ita kuwa kusan duk wanda ya mutu ta dalilinta, ko gidan rina ta yanko masa daga kan bishiya, ko ramuwa ce nan take, ko jinƙai ga wanda namun daji ke yagar sa. Alhali su ma waɗancan 'ya'yan wasu ne da aka cusa wa ƙarya. Kyamarar ma da gangan ake girgiza ta a wurin faɗa don kada jini ya fito fili, saboda a samu izinin nuna wa masu shekara 13. Dabarar ta biya su, an kashe dala miliyan 78 ya kawo kusan miliyan 700.

Akwai wanda ya riga shi kuma ya fi shi faɗin gaskiya a kan wannan, na Japan, Battle Royale, na shekarar 2000. 'Yan aji ɗaya ne su 42, abokan juna, aka kai tsibiri aka ɗaura wa kowa ƙarfe mai fashewa a wuya, aka ba su kwana uku. Wanda ya ba da umarninsa, Kinji Fukasaku, yana da shekara 15 lokacin yaƙi aka kai ajinsu aiki masana'antar makamai, aka yi musu ruwan wuta, su da suka tsira aka sa su kwashe gawarwakin 'yan ajinsu. Ka ji inda nasa ɗacin ya fito. Amma wannan jini ne tsagwaronsa, ba na 'yarka ba ne, ba na yayanta ba ma in bai mallaki hankalinsa ba. Na ambace shi ne don masu turi sukan haɗa su a jaka ɗaya, kuma daga sunansa aka samo salon wasannin waya irin su PUBG da Free Fire, inda ake zuba mutane a tsibiri sai saura ɗaya.

Ta fuskar tarbiyya ga abin da za ka tarar. Babu tsiraici. Akwai sumbata tsakanin Katniss da Peeta a cikin kogo, kana iya turawa gaba. Akwai mashayin giya, Haymitch, wanda ya taɓa cin gasar yana yaro, kuma an nuna shan nasa a matsayin raunin wanda abin da ya gani ya hana shi barci. Sai ƙarshe, wanda shi ne dole ka yi magana a kai. An yi musu alkawarin mutum biyu daga gunduma ɗaya za su iya tsira, da suka rage su biyu sai aka janye alkawarin. Katniss ta ciro wasu 'ya'yan itace masu dafi ta raba musu, a kan gara su mutu tare birni ya rasa gwarzo, nan take aka tsayar da su aka ce duk sun ci. A labarin barazana ce da ta karya masu mulki, amma yarinya mai shekara 15 tana buƙatar ta ji daga bakin ubanta cewa kashe kai haramun ne kuma ba jarumta ba ce, ko da wane irin ƙunci. Ƙannenta da ba su kai 13 ba kuwa kada su zauna. Yaran da suka taso suna jin labarin ɗaliban Ƙanƙara da na Jangeɓe a rediyo, wurin da ake raba yara da iyayensu a tusa su mota ba tatsuniya ba ce a kunnensu.

In kun gama kada ka fara da wa'azi. Tambaye ta sau nawa sunan Gale yake cikin ƙwaryar, kuma me ya sa. In ta ba ka amsa, to kallon hankali take yi, ka bar ta. In ba ta sani ba sai ka yi mata lissafin nan na shida sau bakwai, ka ba ta labarin wata damina da ka sani, wadda ita ba ta sani ba. Akwai ci gabansa guda uku, na 2013 da 2014 da 2015, da wani na 2023 mai ba da labarin ƙuruciyar Snow, kuma suna ƙara duhu ne, na ƙarshe-ƙarshen yaƙi ne sosai, don haka kai za ka fara gani kafin ita. Sannan ka karɓi memorin nan ka zauna da yayan nata ku bi shi ɗaya bayan ɗaya. Mai turi a kasuwa cika kati yake yi da duk abin da ke cikin kwamfutarsa, kuma sau da yawa abin da ya kamata uba ya goge yana can ƙasa, cikin jakar da babu suna.